Saƙon Zinyau da Ya Sauka a Fassi

Layi ɗaya tak na rubuta, hannuna na hagu ma yana riƙe da rake ina sha. Na gaya wa na'ura cewa duk saƙon da ya shigo babu sunan gari a jikinsa, ta ɗauki garin saƙon da ya riga shi ta liƙa masa. Na danna, jan rubutun da ya dame ni ya ɓace, na tofar da tuƙar rake, na ce wa kaina duk faɗin Rano babu mai kai irin nawa. Shekarata goma sha shida lokacin. Wannan layin ne ya karya hannun taubashina, ya fasa mini goshi, ya kuma sa na san nauyin sandar Kawu tun daga kafaɗa har agara.

Na'urar ta Yaya ce, babbar 'yar gidanmu. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, kuma tana aiki da wani kamfani da ke haɗa na'urorin manyan ma'aikatu su riƙa miƙa wa juna saƙo. Gajeriya ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma Allah ya yi mata gaɓoɓin yatsu irin na maƙera. Ranƙwashinta guda yana sa mutum ya tuna karatun da ya manta tun aji uku. Na taɓa rantsuwa cewa akwai wani gurbi a tsakiyar kaina daidai girman yatsanta, Inna ta duba ta ce ƙarya nake yi, amma ni ina jin sa idan ana sanyi.

Ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu ce ta roƙe ta wannan aiki. A wajenmu, idan manomi ya kwashe amfaninsa, yana kiran masu shanu su shigo su ci kara da harawa, su bar masa taki. Kowa ya ƙaru. Rigima tana tashi ne idan shanu suka riga mai gona, ko kuma garke biyu suka haɗu a gona ɗaya. Sai Yaya ta ajiye kwamfuta a wani ƙaramin shago kusa da tasha. Manomi zai aiko saƙo cewa ya gama, na'ura ta karɓa, ta duba garinsa, ta tura wa makiyayi ɗaya na garin wanda layi ya zo kansa. Shi kaɗai ake tura wa, don kada a yi rububi.

Da yake Babanmu direba ne, Rano zuwa Kano, da harshen tasha Yaya ta koya mini. Ta ce na'urar da ke tsakiya ɗan kamasho ce, ba ta da kaya nata, aikinta ta karɓi na mutane ta sa a motar da ta dace. Kowane saƙo kuma buhu ne. Akwai abin da ke ciki, wato maganar da mutum ya rubuta. Akwai kuma rubutun jikin buhu: lambar mai aikowa, lokacin da ya aiko, sunansa, da garinsa. Ɗan kamasho ba ya kwance buhu, jikin yake karantawa. 'Yan layukan umarnin da ke gaya masa yadda zai karanta jikin buhun su take kira sikirif, kuma su ta fara bari ina taɓawa bayan na sha ranƙwashin da ya isa a raba wa 'yan ajinmu duka.

Masu babbar waya ba su da matsala. Suna cike gurabe a manhaja, buhunsu ya zo da rubutu tsaf. Tsofaffi masu ƙaramar waya rakani-kashi su ne bala'i. Saƙon tes kawai suke turowa, lamba da lokaci ne kaɗai a jiki, gurbin suna da na gari fayau. Idan sikirif ya laluba gurbin gari ya ji babu komai, sai ya tsaya cak ya watsa jan rubutu a fuskar kwamfuta. Dokar Yaya ita ce a kira mai lambar a tambaye shi garinsa, a cike da hannu.

Wanda bai taɓa kiran tsohon manomi a waya ba ba zai gane halin da na shiga ba. Za ka yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, kai da ko kaza ba ka ajiye ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Babanka, ya tambayi motar Babanka, ya ba ka labarin ranar da ya shiga motar taya ta fashe a hanyar Bunkure. Kafin ka kai ga tambayar gari gemu ya fara fito maka. Ranar da Yaya ta tafi Kano aikin kwana biyu ta bar mini shago, jan rubutu bakwai na tarar. Na kira uku, kunnena ya yi zafi kamar an gasa. Na lura ukun nan duk garinsu ɗaya da saƙon da ya riga su, don mutanen gari ɗaya tare suke girbi. Nan dabara ta faɗo mini, na rubuta layin nan nawa. Na kulle shago da wuri na tafi ƙwallo.

Washegari Asabar na hau acaɓa da sassafe zuwa wajen Kawu, yayan Inna. Rugarsu tana gefen wani ƙauye a Fassi, ƙasar Kibiya. Ruga ce a baki kawai, don ɗakunan ƙasa ne da rufin kwano, ga rumbuna, ga gonar masara. A nan aka haifi Kawu, a nan kabarin mahaifinsa yake. Ni kuwa fura da nono suka kai ni, sai kuma son in yi wa taubashina burga. Ɗan Kawu ne, ya girme ni da shekara biyu, siriri kamar sandarsa. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai Kaɗo, ni kuma ina ce masa bawan nagge. Lambarsa ce a rajistar ƙungiya, don Kawu ba ya karatun boko.

Na same shi yana kwance maruƙa. Ya zaro waya ya nuna mini saƙon da ya shigo masa jiya da yamma: gonata ta gindin ɗorawa bayan famfon burtsatse, na kwashe kaf, a kawo shanu da safe. Babu suna a ƙasa. Ya ce ai ya san gonar, ta wani dattijo ce a bayan gari.

"Ni na aiko maka," na ce masa. "Yau da izinina shanunka za su karya kumallo, sai ka rusuna ka gode."

"Kaɗo, kai da ko akuya ba ta jin maganarka. Ɗauki gorar ruwa mu tafi."

Muka kora shanu talatin da wani abu. Ga famfo, ga ɗorawa, ga gona shimfiɗe babu kara ko ɗaya a tsaye. Ta bakin hanya gero ne, an daɗe da kwashe shi. Shanu suka bazu, mu kuma muka zauna a gindin ɗorawa ina yi masa bayanin buhu da ɗan kamasho, yana hamma da gangan. Gonar tana da tudu a tsakiya. Abin da ke bayan tudun ba ma ganinsa daga inda muke. Can dattijon ya sare dawarsa ya kwantar da ita layi layi ta sha iska, ko zangarniya ɗaya bai yanke ba. Shanu sun fi mu hanci. Kafin mu farga, rabin garken ya haye tudu.

Ihu muka fara ji. Muka miƙe muka hau tudun da gudu, sai ga samari uku sun ɓullo ta ɗaya gefen, 'ya'yan mai gonar, sun zo yankan zangarniya. Babban yana da ƙirji kamar ƙofar gareji, da gora a hannu. Na biyu ya tsinci ƙotar fartanya. Ƙaramin lauje ne da shi, kuma shi na fi sa wa ido. Tsakaninmu da su shanu ne suna ta tauna noman shekara guda, hankali kwance, har da lumshe ido.

Taubashina ya yi abin da ya kamata. Ya jefar da sandarsa ƙasa don su ga ba faɗa ya zo ba, ya ɗaga waya sama yana cewa su tsaya su karanta, mahaifinsu ne ya aiko. Babban bai tsaya ba. Gorar farko a kan wayar ta sauka, ta yi tsalle ta faɗa tsakanin ƙafafun shanu, wani bijimi ya ɗora mata kofato, na ji ta yi ƙas. Gora ta biyu kansa ta nufa, ya tare da hannun dama. Ƙarar da na ji irin ta busasshen kara ce idan an taka shi. Ya durƙusa yana riƙe da hannun, bai yi kuka ba, bakinsa kawai ya buɗe. Mai ƙota ya zuba masa biyu a gadon baya, ya kife a kan dawa.

Ina so in ce na yi kukan kura na shiga tsakani. Gaskiya ita ce ƙafafuna sun yanke shawara ba su tambaye ni ba. Na yi gudun da da a filin wasa ne da an ba ni kofi. Mai lauje ya biyo ni, da ya ga ba zai kamo ni ba sai ya sunkuya ya ɗauki hoge. Na waiwaya in ga ko ya gaji, hogen ya same ni a goshi, kuma akwai dutse a cikinsa. Na ga taurari da rana tsaka, har na gane wasu daga ciki. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Shanu kuma suka firgita suka yi ta zagaye a cikin dawar, abin da ba su ci ba suka tattake.

Kafin a jima gonar ta cika. Kawu ya iso da ƙannensa biyu da sanduna, mutanen gari suka fito da abin da hannu ya samu, har da mai taɓarya. Ƙanin Kawu ya ga ɗansu a ƙasa, ya kai wa mai ƙota sanda a kunne, kunnen ya tsage, jini ya wanke masa riga. Aka kaure. Sanda tana sauka a kan gora, gora tana sauka a kan mutum, ana zagi da Hausa ana ramawa da Fulatanci. Wani ya faɗo kaina, na ci ƙasa cike da baki. Ta ƙarƙashin ƙafafun mutane na hango mai gonar. Tsoho ne fari fat da furfura. Bai ɗauki komai ba, bai zagi kowa ba, ya tsuguna yana tsintar zangarniyar da aka tattake yana karkaɗe mata ƙasa yana tarawa a gefe.

Mai unguwa ne ya raba, da babur ɗinsa ya kutsa tsakiyar mutane yana danna oda. Da ƙura ta lafa aka tambayi taubashina, ya ce saƙo aka aiko masa. Aka ce ina wayar, aka tsinto ta guntu uku. Aka tambayi dattijo, ya ce shi bai taɓa aika wa kowa saƙo ba, ko ƙungiyar ma bai shiga ba, wayarsa ta kira ce kawai. Yana rufe baki na tuna layina. Na tuna cewa famfon burtsatse da ɗorawa babu ƙauyen da ba su a ƙasar nan.

Na buɗe baki na ce ni ma na ga saƙon da idona. Iyakar abin da na faɗa ke nan, sauran na haɗiye. Babban ɗan ya ce ai dole in gani, ɗan ƙanwar mai shanu ne ni. Samari suka fara cewa an daɗe ana haƙuri, yau sai rugar ta tashi, wani daga baya yana tambayar wa ke da fetur a babur. Mai unguwa ya sa aka kora shanun ƙofar gidansa aka tsare. Ya ce wa Kawu ya ba shi zuwa la'asar a kawo shaidar saƙon nan. Idan babu, shi ba zai iya riƙe yaran nan ba, gara Kawu ya kwashe iyalinsa da kansa kafin a kwashe masa. Kawu ya sunkuya. Ya saɓa ɗansa a kafaɗa zuwa gidan mai ɗori, hannun yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Na ɗaure goshi da tsumma na hau acaɓa zuwa Rano. Abin da na fara yi a shago shi ne goge layin. Na goge shi, na goge wurin da ya zauna, saura kaɗan in wanke kwamfutar da sabulu. Ina cikin haka Yaya ta shigo da jakarta, ashe labari ya riga ni isa gida, Inna ta kira ta tun tana Kano ta taso. Ta dubi goshina ta ce zan rayu, ta ture ni daga kujera.

Na'urar tana da littafin shige da fice, inda take rubuta kowane buhu yadda ya shigo da yadda ya fita. Ni na manta da shi. Yaya ta gangara zuwa yammacin jiya ta sa yatsa a kan layi ɗaya, tana karantawa a fili kamar mai karanta sakamakon asibiti. Lamba ga ta. Lokaci ga shi. Suna babu. Gari, da ya shigo, babu. Gari, da ya fita, Fassi. Saƙon da ya riga shi da minti huɗu, na wani mai babbar waya ne daga Fassi.

Ta kira lambar. Wani tsoho ya ɗauka, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Yaya ta amsa duka ɗaya bayan ɗaya ba ta katse shi ba, sannan ta tambayi garinsa. Ya ce Zinyau, kuma tun hantsi yake zaune a gindin ɗorawa yana jiran shanu, ko ƙaho bai gani ba.

Ta ajiye waya ta juyo.

"Buhu ya shigo babu rubutu, ya fita da rubutu. Wa ya rubuta?"

Na ce wataƙila zafi ne ya yi wa na'urar yawa. Na ce ko wutar da aka ɗauke jiya ce. Har aljanu na fara shirin ambata. Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi, na ma matsar mata da gurbin nan don ta same shi da sauƙi. Bai zo ba. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na rashin ranƙwashin nan ba. Na faɗa mata komai, har raken.

Ta naɗe kwamfutar tafi-da-gidanka ta sa a jaka. Ta ce ita ta bar yaro da abin da ya fi ƙarfin hankalinsa, don haka ita za ta je ta yi bayani, ni in wuce gida in kwanta, don idan samarin nan suka ji ni ne za su raba ni biyu su ba kowane gari rabi. Wallahi daɗi na ji. Na raka ta bakin tasha ina ɗingishi, ni da aka jefa a goshi. Ta hau acaɓa, mai babur ya tayar. Sai hannun nan ya dawo mini a ido, yadda yake lilo a bayan Kawu, da yadda taubashina ya jefar da sandarsa don ya yarda da abin da na aiko masa. Na ɗare bayan Yaya. Ta ce in sauka, na ce goshina ne ke son iska.

Mun isa ana kiran la'asar. Ƙofar gidan mai unguwa ta cika, shanu a gefe cikin igiya, samari a tsaye da gorori, ga jarka ɗaya a jingine da bango wadda kowa ke yi kamar bai gan ta ba. Kawu yana zaune a ƙasa da sandarsa a kan cinya. Yaya ta durƙusa ta gaida manya, ta buɗe kwamfuta. Rana ta haske gilashin, babu wanda ya ga komai sai fuskarsa. Babban ɗan ya ce wannan ai allo ne, kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama. Sai ta kira tsohon Zinyau ta buɗe murya. Ya gaida mai unguwa, ya gaida jama'a, ya tambayi ya aka ji da girbi, sannan ya maimaita saƙonsa kalma da kalma, ya ƙara da cewa idan ba za a kawo shanun ba a gaya masa ya ƙone karansa.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Babban ɗan ya matso ya ce to sun yarda akwai saƙo, amma saƙon Zinyau ba shi da ƙafa, wani ne ya juyo da shi nan. Wa ke riƙe da na'ura? 'Yar ƙanwar mai shanu. Ta karkato da shi ne don shanun kawunta su ci dawar ubansa. Wurin ya ɗauki guna-guni, gorori suka fara tashi daga ƙasa, mai tsagaggen kunne ya nufi inda jarka take. Wani ya fizge jakar Yaya ya yar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Murya ta fito mini siririya kamar ta ɗan tsako. Na ce ni ne, Yaya ma ba ta gari. Na yi musu bayanin buhu da rubutun jikinsa, da yadda na gaya wa na'ura idan ta ga buhu babu gari ta ba shi garin na gabansa.

Mai unguwa ya juyo gare ni.

"Wato kaya ya zo tasha babu rubutu, kai kuma ka jefa shi motar da ta tashi yanzu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Babu lambar mai kayan a jiki?"

"Akwai."

"Me ya hana ka kira shi?"

Na duba ƙasa, na duba sama, babu wata ƙarya da ta rage a ko'ina.

"Gaisuwarsu ce ta yi yawa, ranka ya daɗe."

Sannan na ga ƙofar garejin nan ta taho da gora a sama, ƙannensa a bayansa. Kawu ya riga su. Ban taɓa sanin tsoho yana tashi da sauri haka ba. Ya damƙi wuyan rigata ya jefa ni tsakiyar fili, ya fara sauke mini sandar kiwo. Ta farko a kafaɗa, na ji ta har cikin haƙori. Ta biyu a mazaunai. Na ƙirga zuwa goma sha ɗaya lissafi ya ɓace mini. Na kira Inna, na kira kakata da ta rasu, na tuba daga laifuffukan da ban ma yi ba tukuna. Na yi birgima, sanda ta bi ni, na rarrafa, ta tare ni. Duk inda samarin suka matso, Kawu yana zagayawa ya ba su baya yana ci gaba da dukana, babu ta inda wata gora za ta shigo sai ta bi ta jikinsa. Rigata ta yage, tsumman goshina ya faɗi, jinin ya dawo sabo. Ko sau ɗaya sandar ba ta same ni a ka ba.

Mai gonar ne ya taso ya riƙe hannunsa.

"Ya isa, Malam. Ko ka kashe shi dawar ba za ta tashi ba."

Ya juya ya ce wa babban ɗansa ya ajiye gorar nan, shi ma yana da hannun ɗan mutane a wuyansa, kuma yaron ya jefar da sanda kafin a taɓa shi, ƙaraminsu ya gaya masa. Mai unguwa ya aika aka ɗauke jarkar. Ni ina kwance ina kallon wata saniya tana tuƙa, ina jin kamar an daka ni za a yi fura.

An saki shanun kafin magariba, rugar tana nan inda take. Dawar dattijo an cike masa ita daga rumbunmu da na Kawu, kuma ni na yi ta ɗaukar dammunan a ka bayan na warke. Baba ya bari sai da na fara zama a kan kujera sannan ya yi nasa dukan, wai ba ya son aiki a kan aikin wani. Tsohon Zinyau ya samu shanu bayan kwana uku. Yaya ta gyara sikirif ɗin da hannunta, yanzu buhun da ya zo babu gari yana faɗawa wani kwando ya jira, ba ya motsi sai an kira mai shi. Ni ke kiran, kuma ina amsa gaisuwa har ta motar Baba.

Na je duba taubashina da rake guda biyu. Ya karɓa da hagu, ya ce Kaɗo ko saƙo bai iya kaiwa ba, ya buga mini ɗaya a ƙeya ya shanye ɗayan. Hannun daman ya haɗe a karkace. Har yau ba ya miƙewa sosai, da hagu yake riƙe sanda.